Ajiyar da ke Hannun Baffa

A danginsu Auta, duk macen da ta sami kuɗin da ya fi ƙarfin ƙullin bakin zane, wurin Baffan Banki take kai shi. Yayan mahaifinta ne, kuma shi kaɗai a zuriyar ya taɓa zama bayan teburin banki, har ya kai ga ofis mai ƙofa da na'urar sanyaya ɗaki. Zawarawa, matan aure masu 'yar sana'a, 'yan matan da suka fara aiki, kowacce ta miƙa masa nata, shi kuma ya ajiye da sunansa a inda ya ga ya dace. A faɗi gaskiya, Baffa bai taɓa cin sisin kowa ba, kuma babu abin da yake alfahari da shi a duniya kamar wannan. Matsalar ɗaya ce. Shigar kuɗi hannunsa ba wuya, fitowarsu ce sai da bayani. Mace za ta je ofishinsa ta zauna a bencin bakin ƙofa, ta jira ya gama da manyan mutane, sannan ta shiga ta faɗi abin da za ta yi da kuɗinta. In dalilin ya gamshe shi ya bayar. In bai gamshe shi ba ya ce, "Je ki sake tunani," ya danna ƙararrawa a shigo da na gaba.

Umman Auta tela ce. Tun rasuwar mijinta, haƙƙinsa na wurin aiki da abin da keken ɗinkinta ke kawowa duk suna hannun Baffa. Auta tana ajin ƙarshe a sakandare idon Umma na hagu ya fara ciwo. Likita ya ce hawan jinin ido ne, maganin ɗigawa ya daina riƙe shi, a yi aiki da gaggawa. Auta ce ta raka ta ofishin Baffa, tana riƙe da hannunta wajen hawa bene.

Sun tarar da shi da wani ƙaramin ma'aikaci a tsaye yana riƙe masa takardu. Umma ta gaishe shi, ta yi bayani da muryar da ba ta amfani da ita a ko'ina sai a ɗakin nan.

Baffa ya ce, "Kuɗin na ajiyar wa'adi. In na taɓa su yanzu ribar ta tafi. Likitocin nan ma ai 'yan kasuwa ne, kowa suka gani sai wuƙa. Ci gaba da ɗiga maganin, 'yan watanni suka rage."

"Yaya, ya ce kada a jinkirta."

Baffa ya juya wurin yaron nasa. "Ka ga abin da nake gaya maka ko? Mace in ta ji kuɗi na kwance, sai ta nemo musu ciwo."

Ma'aikacin ya yi dariya, don ogansa ne ya yi barkwanci. Umma ma ta yi 'yar dariya, irin ta wanda ya rasa inda zai sa fuskarsa. Wannan dariyar ta Umma ita ce Auta ta kasa mantawa.

Da wa'adin ya cika, Baffa da kansa ya kawo kuɗin gida har da ribarsu, yana ta fara'a. Likita ya duba ya ce an makara, idon ya riga ya tafi, sai dai a lallaɓa na dama. Baffa ya ce haka Allah ya rubuta, ya mayar da kuɗin jakarsa don kada su salwanta. Umma ta yi masa godiya. Daga lokacin Auta ce ke zura mata zare a allura, kuma duk zaren da ta zura sai ta tuna da ofishin nan.

Da ta shiga jami'a ta zaɓi fannin harkar kuɗi da banki. Dangi suka ce ta gaji Baffanta. Ba ta gyara musu ba.

A shekarar da ake tura ɗalibai sanin makamar aiki, Umma ta lallaɓa ba da saninta ba ta roƙi Baffa ya sama mata wuri a bankinsu. Amsar ta dawo ta bakin yara kafin Umma ta iso gida. Wai Baffa ya ce aikin nan yana son mai sanyin kai, ita kuwa Auta idonta a tsaye yake, gara ta nemi koyarwa. Gurbin kuma ya riga ya bai wa ɗan wani abokinsa.

Auta ta ce, "Umma, da kin tambaye ni da na hutar da ke kuɗin mota."

Ta goge takalminta ɗaya tilo na fita, ta shiga zagayen ofisoshi. A wani wurin mai gadi ne ya karɓi takardunta ya sa ƙarƙashin kujerarsa. A wani aka ce ta dawo, ta dawo, aka ce wanda ya ce ta dawo an yi masa sauyi. Abokan karatunta masu kawu a sama duk suka sami wuri, ita tana ta yawo har dugaduganta suka yi kanta. Daga ƙarshe wani ƙaramin banki ya kira ta. Yana tsallaken titi, daidai gaban dogon ginin da Baffa ke aiki, tsakanin kantin magani da shagon gyaran waya.

Shugabar sashen, wadda kowa ke kira Madam, 'yar gajeruwar mata ce mai tabarau a goshi. Ta tambaye ta me ya kawo ta wannan fanni. Auta ta fara karanto abin da ta haddace game da bunƙasar tattalin arziki.

Madam ta ɗaga hannu. "Wannan na ji shi daga bakin mutum biyar yau. Ke nake tambaya."

Auta ta ce, "Na taɓa ganin mace tana roƙon kuɗinta."

Madam ta sauko da tabaraunta ta dube ta da kyau. "Wannan ba dalili ba ne, fushi ne. Amma zan iya aiki da shi. Ki zo ranar Litinin da takalmi maras tsini."

Aikin da aka ba ta shi ne wanda sauran ma'aikata ke gudu. Kullum da safe za ta ɗauki tebur mai naɗewa, da laima, da 'yar na'urar ɗaukar hoton yatsa, ta je bakin kasuwa ta buɗe wa mata asusu. Makon farko ba ta sami kowa ba. Wata ta ce sai ta tambayi maigidan. Wata ta ce banki na masu takalmi ne. Wata ta yarda, aka zo kan lambar waya sai ga shi layin da sunan ɗanta aka yi rajista. Wata kuma wanki da wanke-wanke sun cinye zanen yatsunta, na'urar ta ƙi ganin ta sam.

Auta ta koyi abubuwan da ba a koyar da su a aji. Ta riƙa yawo da man shafawa don yatsun da suka bushe. Ta riƙa raka mata ofishin katin shaida tana bin layi tare da su. Ta daina cewa "tsarin ajiya", ta koma cewa, "Kuɗinki, da sunanki, lambar sirrin a kanki kaɗai."

Wadda ta fara buɗe mata hanya wata mai kifi ce, ƙatuwar mata mai muryar maza. Ta zuba kuɗi da safe, rana na take ta dawo ta ce a ba ta abinta duka. Auta ta raka ta wurin na'urar cire kuɗi, ta juya mata baya har ta gama danna lambobinta. Mai Kifi ta tsaya tana kallon kuɗin a hannunta.

"Shi ke nan? Ba wanda zai tambaye ni me zan yi da su?"

"Babu."

"To mayar da su. Gwada ku na yi."

Kafin wata ya ƙare, layin masu kifi gaba ɗaya ya biyo ta, sai masu kayan miya, sai masu gwanjo. Madam ta fara ambaton sunan Auta a taron safe. Auta tana jin daɗin aikin da gaske, amma duk yamma in ta dawo da teburinta, sai ta tsaya a bakin ƙofa ta ɗaga kai ta dubi tagar ofishin Baffa da ke hawa na biyu a tsallaken titi. Ta san adadin matan da ke hannun Baffa, ta san gidan kowacce, ta kuma san abin da ya taɓa hana kowacce.

Da Gwaggo ta fara. Gwaggo yayar Baffa ce, mai sayar da ƙanƙara da ruwan sanyi, kuma ita kaɗai a duniya ke iya ce masa "kai yaro". Auta ta same ta tana fama da tsohuwar firjinta da ke kuka kamar injin niƙa.

"Gwaggo, har yanzu ba ki sauya wannan ba?"

"Ƙanen nawa ya ce tana da sauran rai. Sau biyu ina zuwa."

Auta ta fito da wayarta ta nuna mata yadda Mai Kifi ke ganin abin da ke asusunta ba tare da ta gai da kowa ba. Ba ta zagi Baffa ba. Cewa kawai ta yi, "Ni dai abin da ke ba ni mamaki, ke kika goya shi, yanzu kuma ke ke zaman benci a ƙofarsa."

Gwaggo ta ajiye tsumman hannunta. Washegari ta yi shigarta ta fita unguwa, ta haye benen ofishin Baffa, ta wuce bencin ko kallonsa ba ta yi ba. Ma'aikatan hawa na biyu sun daɗe suna ba da labarin abin da suka jiyo ta bayan ƙofa. Da azahar ta tsallako titi da jakarta a hammata, ta zauna gaban Auta ta miƙa babban yatsa.

Bayan Gwaggo sai abin ya zama kamar an ɓalle madatsa. Matar ƙanen kakansu mai kiwon kaji, 'yan biyun da ke kitso, yayar Auta da ke aikin jinya. Auta ba ta bar abin ya tafi kara zube ba. Ita ke tsara wa kowacce ranar zuwa, ɗaya bayan ɗaya, don kada mako ya wuce Baffa bai sa hannu a takardar sakin kuɗin wata ba. Takan kuma zaɓi lokacin da yake fitowa cin abincin rana, ta rako sabuwar mai asusu har bakin titi, tana koya mata riƙe kati da murya mai ɗan ƙarfi. Wata rana idonsu ya haɗu. Ta rusuna ta gaishe shi daga tsallake, cikin ladabin da babu mai iya kushewa. Daɗin da ta ji a ranar ya fi na ranar da ta ci jarrabawar shiga jami'a.

Umma ce kaɗai ta ƙi.

"Ba zan tozarta yayan ubanki ba. Ya riƙe mu lokacin da ba mai riƙe mu."

"Ya riƙe kuɗinmu dai, Umma."

"Auta, abin da kike yi, don matan nan kike yi ko don shi?"

"Duka biyun. Laifi ne?"

Umma ta karkata kai yadda take yi don ta ga bakin allura da idon dama, ta ci gaba da taka kekenta.

Ana cikin haka, wata safiya da ruwan sama ya hana fita kasuwa, wata mata ta shigo bankin da laima a karkace tana kare fuskarta. Sai da ta zauna Auta ta gane ta. Mami ce, matar Baffa. Mace mai sanyin hali, wadda ke yin kek da cincin na biki a kicin ɗinta, kuma a duk gidan Baffa ita kaɗai ke tura wa Umma ɗinki har da na maƙwabta.

Mami ta yi magana ƙasa ƙasa. "Ina son irin na Gwaggo. Amma Auta, kada ya sani. Kada kowa ya sani. Ba rabuwa nake nema da shi ba, ba faɗa nake so ba. So nake in sayi tanda babba ba tare da na yi bayani ba."

"Mami, aikinmu ke nan. Abin da aka yi a teburin nan, a nan yake tsayawa."

Ta cike mata komai da hannunta, ta saita wayar yadda saƙon banki ba zai yi ƙara ba. Mami ta riƙe hannunta ta sa mata albarka. Auta kuwa ji take kamar ta tsinci abin da ta daɗe tana nema. Matar Baffan Banki da kanta, a ƙaramin bankin da ke kusa da shagon gyaran waya. Ta yi ta juya abin a ranta kwana da kwanaki. Ta san ba nata ba ne da za ta faɗa. Ta kuma san babu abin da zai kai masa inda wannan zai kai.

Baffa ya kira taron dangi a falonsa wata ranar hutu da hantsi. Maza a kujeru, mata a kan darduma, Mami tana shiga da fita da tiren shayi. Ya sa tabaraunsa, ya yi dogon jawabi kan shekarun da ya yi yana wa zuriyar nan hidima ba ko sisin lada. Ya ce yanzu wata yarinya da ko takardar kammalawa ba ta karɓa ba ta zo tana raba kan mutane don a yabe ta a wurin aiki. Ya ce ƙananan bankunan nan yau suna nan gobe babu su, ranar da abin ya faru kada wadda ta zo masa da kuka.

Gwaggo ta ce, "Kai yaro, in kuka ne ai mun yi shi a ƙofarka mun gaji."

Aka ɗan yi dariya. Baffa ya haɗe rai, ya juya kan Umma.

"Ke ce ba ki iya tarbiyya ba. Ga naki nan, na rufe ajiyar, ki ɗauka ki ba 'yarki ta kai inda take kai na sauran. Ido ɗaya ya rage miki, ki yi ta kallon yadda za su ƙare."

Ya yar da wani ambulan a ƙasa, ya tura shi da ƙafa a kan darduma har gaban Umma. Umma ta sunkuyar da kai, kuma Auta ta ga gefen bakinta ya fara motsi, alamar wannan 'yar dariyar tana shirin fitowa.

Auta ta riga ta. "Baffa, da ka miƙa mata da hannu. Nata ne."

"Ke rufe mini baki. Ku je ku yi ta yi. Ni dai gidana lafiya lau yake. Matata ta san darajar miji, ba ta taɓa ɓoye mini ko ƙwandala ba, ba kuma za ta taka wannan kangon naku ba."

Auta ta ji maganar ta taso mata tun daga ciki. Tana da lokacin da za ta haɗiye ta, ta kuma san tana da shi. Ta dubi ambulan ɗin da ke ƙasa, ta dubi Baffa, ta yi magana a natse, da muryar da take yi wa kwastoma bayani.

"Ai kuwa ta taka, Baffa. Ni na buɗe mata da hannuna. Katinta ma ya fito."

Mami tana tsaye a bakin ƙofar kicin da tire a hannu. Ba ta yar da shi ba. Ta sunkuya ta ajiye shi a ƙasa a hankali, ta juya ta koma ciki.

Abin da Auta ta daɗe tana son gani ta gan shi. Fuskar Baffa ta saki, ya cire tabaraun ya rasa inda zai ajiye shi. Ya dubi mazan da ke kujeru, kowa ya sami abin kallo a ƙasa. A gaban zuriyar da ya yi shekaru yana yi wa hukunci, ya koma wani tsoho kawai. Auta ta kalle shi har ta ƙoshi, ba ta kawar da ido ba. Sannan ta ɗauki ambulan ɗin, ta kakkaɓe shi, ta sa a hannun Umma, ta kama ta suka fita.

Da suka kusa gida Umma ta ce, "Kin rama. Amma da bayan wa kika rama?"

"Shi ya jawo."

"Shi ya jawo. Ita kuma fa?"

Ranar aiki ta farko bayan taron, Mami ta zo bankin, wannan karon ba laima. Idanunta sun kumbura. Ba ta ko dubi teburin Auta ba, ta wuce kai tsaye ofishin Madam. Sun daɗe a ciki. Da ta fito sai Madam ta leƙo ta yafito Auta.

"Rufe ƙofar. Matar nan ta zo rufe asusunta. Ta ce mijinta ya daina cin abincinta, ya daina yi mata magana, 'ya'yanta na ganin ta ci amanar ubansu. Na tambaye ta yadda aka yi ya sani. Ba ta so faɗa ba, sai da na matsa."

Auta ta ce, "Madam, ba ki san abin da mutumin nan ya yi wa mahaifiyata ba."

"Ban sani ba, kuma ba shi ne a gabana ba. Matar nan ta ba ki abu ta ce ki riƙe mata. Kika ga kin fi ta sanin inda ya kamata a kashe shi, kika kashe. In kin san wani mai irin wannan halin, gaya mini sunansa."

Auta ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi.

Madam ta ci gaba. "Da ma'aikaciya ce ke, yau za ki ajiye katin wuyanki. Ɗaliba ce, don haka zan rubuta abin da kika yi a rahoton da zan aika makarantarku, in kuma rubuta matan kasuwar da kika kawo, duka biyun gaskiya ne. Daga yau ba ki ƙara taɓa bayanan kowa. Sauran makonninki a ɗakin ajiyar takardu za ki yi su. Na so in riƙe ki bayan kin gama karatu. Yanzu sai na sake tunani."

"Ta rufe asusun?"

"Na roƙe ta ta bar shi. Ta ce za ta bari in dai ba ke za ki riƙa ganin sa ba."

Ɗakin ajiyar takardu ba shi da taga. Auta ta yi makonninta tana jera fayil cikin ƙura, tana jiyo hayaniyar masu shigowa ta bango. Wani lokaci Mai Kifi takan leƙo ta tambayi ina 'yar tebur take, a ce mata tana ciki. Auta ta je gidan Baffa sau ɗaya lokacin da ta san ba ya nan. Mami ta buɗe ƙofa, ta saurari ban haƙurinta har ƙarshe a tsaye, ta ce, "Na ji," ta mayar da ƙofar a hankali. Ɗinkin da take tura wa Umma bai tsaya ba, amma yanzu ɗan aike ke kawowa.

Game da Baffa kuwa, ko a ɗakin ƙurar nan Auta ta bincika zuciyarta ba ta sami nadama ba. Ta ji labarin ya daina zuwa taron dangi, ya daina tsayawa gaisawa a bakin titi, kuma ba a ƙara kai masa ko shawarar sayen akuya ba. Da labarin ya iso ta, abincinta ta ci har da ƙari.

Ta koma makaranta ta kammala. Rahoton Madam ya bi ta, ya kuma hana ta wurare biyu da ta nema, ciki har da wani babban kamfanin zuba jari da ta ci jarrabawarsu. A na ukun, da aka tambaye ta game da shi, ta faɗi abin da ya faru ba ta rage ba, aka ce za a neme ta, ba a neme ta ba. Tana zaune a gida tana taya Umma yanka yadi sai ga kiran Madam. Bankin zai buɗe ƙaramin reshe a cikin kasuwa, matan kuma sun dame ta da tambayar 'yar tebur. Gwaji ne na shekara guda, albashin ba yawa, kuma kuskure ɗaya irin na baya ya isa.

Auta ta karɓa. Reshen ɗaki ɗaya ne a bayan layin masu kifi, ƙarni na shigowa ta ko'ina, fanka ɗaya, kujeru na roba. A makon farko Umma ta zo da kanta, ta bi layi kamar kowa, ta ƙi yarda a tsallake da ita. Da aka zo wurin zaɓen lambar sirri, Auta ta matso don ta taimaka mata ganin madannan.

Umma ta kare na'urar da tafin hannunta. "Juya bayanki."

Auta ta juya. Ta tsaya tana kallon bango, tana jin Umma na danna lambobin ɗaya bayan ɗaya, a hankali, har Umma ta gama, ta ce a kira wadda ke bayanta a layi.